Taliya Ba Baƙuwa Ba Ce a Birnin Dabo

Idan aka ce matashin Kano na yau ya lissafo abincin gargajiya, zai fara da tuwo da miyar kuka, ya bi da fura da dambu da ɗanwake, amma da wuya taliya ta zo bakinsa. A wurinsa taliya abincin leda ce da ake saya a kanti, wadda ta shigo tare da lemon kwalba da burodin yanka da sauran kayan zamani. Wasu dattawan ma kallon da suke yi mata ke nan, har sukan yi ƙorafin cewa matan yanzu sun guje wa muciya sun koma ga girkin da ba ya buƙatar gwaninta. Wannan fahimta ta kauce ta fuska biyu. Ta farko, taliya ta daɗe a cikin ganuwar Kano tun ba a kafa masana'antar fulawa ko guda a Nijeriya ba. Ta biyu, dafa taliya ta yi kyau gwaninta ce mai ƙa'idojinta, kuma matan cikin birni ne suka riƙe ta suna miƙa wa 'ya'yansu. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne cewa kamfanoni sun tarar da Kanawa sun riga sun iya yin taliya da cinta, kuma ilimin da mai son gyara girkinta a gida yake nema a yau yana nan a hannun masu murji da masu inji na lungunan birni.

Tarihin taliya yana farawa ne daga alkama, ita kuwa alkama ba ta jure zafi da danshin damina irin tamu. A ƙasar Kano ana shuka ta ne da sanyin hunturu, wajen watan Nuwamba, a girbe ta wajen Maris kafin bazara ta kankama. Kafin zuwan madatsun ruwa da injinan ban-ruwa, manomin da ke son alkama sai ya nemi fadama ko bakin rafi, ya ja fangali, ya kafa jigo, ya wuni yana ɗebo ruwa guga-guga. Aikin da yawa, amfanin kaɗan, don haka mudun alkama bai taɓa zama daidai da mudun gero ko dawa a kasuwa ba. Wannan tsada ce ta ba alkama matsayinta a cikin birni. Gero da dawa su ne abincin yau da kullum na talaka da basarake, alkama kuwa ta ranar sallah ce, da ranar biki, da ranar da aka yi baƙon da ake jin nauyinsa. Ta fi zama a fada da gidajen attajirai da manyan malamai. Duk abincin da aka yi da ita ya ɗauki wannan daraja, shi ya sa har yau ba a cika garar amarya sai da alkaki da dubulan, ko da an rage wasu abubuwan saboda halin rayuwa.

Sai kuma batun mutanen da suka zo da dabarun sarrafa ta. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya sauka Kano, inda Sharifai suke danganta asalinsu da zuwansa. Bayan jihadi, musamman daga sarautar Ibrahim Dabo a 1819, Kano ta zama babbar kasuwar daular Usmaniyya, ayari na tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gadamas da Gat da ƙasar Azbin da Damagaram, ya sauke takarda da siliki da tsakiya da takubba, ya ɗauki baƙin rini da jemammiyar fata da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi. Hugh Clapperton ya iso Kano a 1824 ya tarar da 'yan kasuwar Arewacin Afirka zaune daram a cikinta. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma lura cewa adadin yakan ninka a watannin rani idan fatake suka cika gari. Waɗannan Larabawa na Arewacin Afirka ba 'yan kwana biyu ba ne. Sun gina gidaje a kewayen Dala da unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki, sun auri matan gari, sun ajiye barori da kuyangi. Mutumin da ya tashi da cin alkama a Gadamas ba zai shekara goma a Kano yana haƙuri da tuwo kaɗai ba, kuma wadda za ta dafa masa abincin garinsu 'yar Kano ce ko baiwar da aka kawo Kano. Ta wannan ƙofa ta madafi girkin alkama ya fita daga gidan baƙo ya shiga gidan maƙwabci.

Shaidar wannan tana nan a fili ga duk wanda ya zaga birni. Gurasa, wadda Kanawa da kansu suke danganta wa Larabawa, ana manna ta ne a jikin tanderu, irin murhun da ake gasa burodi da shi daga Arewacin Afirka har zuwa ƙasar Farisa, kuma ta kafu a Kano har wata unguwa a yankin Dala ta ci sunan masu yin ta, wato Cediyar 'Yan Gurasa, ban da matan Jakara da suka yi suna a kanta. Ga alkaki, ga alkubus, ga funkaso, ga dubulan, dukkansu 'yan gida ɗaya ne: garin alkama, kwaɓi, da hannun mace. Taliya tana cikin wannan dangi. A can bakin Bahar Rum kuwa, busar da zaren kwaɓi don ajiya tsohuwar sana'a ce a ƙasashen Musulmi. Masanin labarin ƙasa Al-Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya bayyana wani gari mai suna Tarabiya a tsibirin Sisili, wanda Musulmi suka mulka fiye da shekara 200, inda ake yin abincin gari mai siffar zare ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Har yau matan Libiya da Aljeriya suna yanka rishta a gida, na gabashin Aljeriya suna murza tilitli da kan yatsu. Abin da ya fi ƙarfafa hujjar shi ne Tambutu da Gawo a ƙasar Mali, waɗanda su ma zangon ayari ne kamar Kano: matansu suna murza garin alkama da yatsu su yi wata taliya gajera da suke kira katta. Idan aka ga sana'a iri ɗaya a biranen da hanyoyin Sahara suka ƙare a cikinsu, alhali babu ita a garuruwan da raƙumi bai kai ba, to hankali zai karkata ga cewa hanyar ce ta kawo ta.

Mai jayayya zai iya cewa wannan duk kirdado ne, tunda littafin Tarihin Kano bai ambaci taliya ba, kuma duniya ta san ta da Italiya, ƙasar da ta mallaki Libiya, don haka ƙila daga Turawa ta zo a kwanan baya. Amsar kashi na farko ita ce, wancan littafi labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da ginin ganuwa. Bai zauna ya bayyana yadda ake dama fura ba, amma babu wanda ya ce fura baƙuwa ce saboda haka. Aikin mata a bayan zaure ba ya cika shiga takarda, sai dai a neme shi a sunayen unguwanni da kayan gara da abin da kaka ta koya wa jika. Amsar kashi na biyu tana cikin lissafin shekaru. Italiya ta kama Tarabulus ne a 1911. Kafin nan Ingila ta ci Kano a 1903, kuma a wannan shekara ta 1911 ɗin ce layin dogo ya iso Kano daga kudu, ya juya fuskar kasuwanci zuwa teku, ya ƙarasa kashe ayarin Sahara da dama ya riga ya raunana. Mulkin Italiya a Libiya ya zo ne lokacin da hanyar take rufewa. Duk da haka, ƙamusun Hausa na Bargery da aka buga a 1934 ya riga ya ƙunshi taliya, shekaru kusan 30 kafin injin fulawa na farko ya fara juyawa a Legas. Ko da an yarda cewa wata busasshiyar taliyar Italiya takan sauka a tashar Tarabulus tun kafin mamaya, abin da ya zauna a Kano shi ne iya yin ta da hannu, kuma wannan iyawa daga gidajen Larabawan Sahara ta fito.

Sai an kalli aikin kusa za a gane dalilin kiransa gwaninta. Mai murji takan tankaɗe gari ta zuba gishiri, ta riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan tana haɗawa har kwaɓin ya yi tauri, nesa da ruwa-ruwan kwaɓin funkaso. Sai ta danna shi da gindin tafin hannu, ta naɗe, ta sake dannawa, har ya yi santsi ya fara danƙo, sannan ta rufe shi da ƙyalle mai laima ta bar shi ya huta, don kwaɓin da bai huta ba komawa yake yi idan an ja shi. Daga nan take gutsuro ɗan ƙanƙane ta murza tsakanin hannuwanta har ya zama zare, kaurin farkonsa daidai da na ƙarshensa, domin inda ya yi kauri zai fito da gari a ciki, inda ya sirance kuma zai narke a tukunya. Shanya ma da nata ilimin. Rana mai ƙuna tana busar da bayan zaren ta bar cikinsa da danshi, sai ya tsattsage, laimar damina kuwa tana sa shi tsami ko fumfuna. Iskar hunturu ce abokiyar aikin, wato lokacin da alkama take gona, lokacin da a da ayari yake sauka. Da injin taliya na hannu ya shigo, aka ɗaure shi a jikin benci, aikin ya yi sauri amma ƙa'idar ba ta sauya ba: a bi da kwaɓi ta tsakanin ƙarafan sau da yawa ana matse tazararsu, a barbaɗa gari, a wuce da shi ta wajen yanka, a rataya a igiya, a kuma naɗe shi ƙulli-ƙulli tun yana da ɗan laushi, kafin ya bushe ƙarau ya riƙa karyewa.

Dalilin da ya sa sana'ar ta kama ƙasa a cikin birni yana da alaƙa da tsarin zaman gidajensa. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, amma hannunta yana kasuwa. Masaniyar zamantakewa Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna yadda matan aure suke gudanar da ciniki daga cikin gida ta hanyar yara masu aike da talla, kuma dafaffen abinci yana kan gaba a cikin abin da suke sayarwa. Taliya ta dace da wannan tsari fiye da abinci da yawa. Jarinta kaɗan ne, ba ta buƙatar fili sai tsakar gida da igiya, kuma idan ta bushe tana jira, ba kamar waina ko ƙosai ba da dole su ƙare a ranar. Mace tana iya sayar da ita ɗanya ga maƙwabta, tana iya dafawa a kai ƙofar makaranta a zuba wa yara da manja da yaji, wani lokaci da wake. Da irin wannan riba ake zubin adashi, ake tara kwanuka da tukwanen ɗakin 'ya mace, har injin taliyar kansa ya zama abin da uwa takan saka wa 'yarta a cikin kayan ɗaki don ta je gidan miji da sana'arta. A nan ne taliya ta sauko daga akushin attajiri ta zama abin da yaro yake saya da kuɗin kashewarsa.

Abin da ya sauƙaƙa wannan saukowa shi ne fulawa, kuma fulawa tana da nata tarihin. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, masana'antarsa ta Apapa ta fara niƙa a 1962 da alkamar da jirage suke kawowa daga ƙetare, galibi Amurka. A shekarun 1970 aka buɗe masana'antar fulawa ta Arewa a Bompai, cikin Kano, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya sa shigo da abinci ya yi arha. Matar da kakarta take wanke alkama ta shanya ta kai dutsen niƙa, yanzu sai ta aika a auno mata farin gari a bakin layi. A wancan lokacin ne kuma gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka shimfiɗa filayen noman rani a Kadawa da Kura da kewaye, da burin a noma alkamar da za ta maye gurbin ta waje. Burin bai cika ba. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman suka wallafa littafinsu mai suna The Wheat Trap, inda suka nuna yadda ƙasar ta saba da abincin da ba ta iya noma shi da yawa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987, noman ya ƙaru a Kano da maƙwabtanta, amma bai kusa biyan buƙata ba, aka koma fasa-ƙwauri ta kan iyaka, a ƙarshe aka janye hanin a 1992.

Bayan wannan ne taliyar leda ta mamaye kasuwa. Golden Penny ta fito da tata, Indomie ta kafa masana'anta a Ota a tsakiyar shekarun 1990 ta kama zukatan yara, kuma biyu daga cikin manyan masu zuba jari a harkar 'ya'yan Kano ne: Aliko Dangote, wanda ya fito daga zuriyar Alhassan Dantata, ya yi shekaru yana sarrafa fulawa da taliya kafin ya sayar da wannan sashe ga Olam a 2019, sai Abdussamad Isyaka Rabi'u na kamfanin BUA. Wanda ya shiga Kasuwar Singa ya ga katan-katan ɗin da ake lodawa a manyan motoci zuwa Maraɗi da Damagaram zai lura cewa kayan suna bin tsohuwar hanyar ayari, sai dai yanzu daga kudu suke nufar arewa. Bai kamata a ɗauki wannan karɓuwa a matsayin nasarar talla kawai ba. Abinci da yawa an yi masa talla a rediyo da talabijin bai zauna ba. Taliyar kamfani ta shigo Kano ne kamar amaryar da ta tarar an riga an yi mata jere: akwai sunan da za a kira ta, akwai mai da yajin da za a ci ta da su, akwai matan da suka san halin kwaɓin alkama a cikin tafasasshen ruwa.

Sai dai taliyar biyu ba halinsu ɗaya ba, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin girkin da yake lalacewa a gidaje. Ta kamfani ana yin ta ne galibi da alkama mai tauri, a matse ta da ƙarfin inji, a busar da ita da zafin da aka auna, don haka tana ɗaukar minti 8 zuwa 12 a wuta kuma tana da haƙuri. Ta gida kuwa, wato 'yar Hausa, da fulawa mai laushi ake yin ta, danƙonta bai kai na waccan ba, ga garin da aka barbaɗa mata yana manne a jikinta, shi ya sa 'yan mintuna kaɗan suke isarta, kuma sakacin ɗan lokaci yana mayar da ita talge. Ƙa'idojin da masu sayarwa suke bi daga nan suka samo asali. Tukunya ta zama babba, ruwa ya yi yawa, don sitacin da ke fita ya sami inda zai watsu. Kada a zuba sai ruwan yana tafasa sosai, domin zafin farko shi ne yake kama bayan zaren kafin ya jiƙe ya manne da ɗan'uwansa. Gishiri a cikin ruwa ake sa shi, ba bayan an tsane ba. A motsa da zarar an zuba, a ɗanɗana maimakon a dogara da agogo, a sauke tun da ɗan sauran ƙarfi a tsakiya, saboda zafin jikinta zai ci gaba da dafa ta a cikin kwando. Idan da mai da yaji za a ci, a ɗauraye ta a tsane, a zuba man tun tana da ɗumi. Idan kuwa dafa-duka ce, sitacin nan abin so ne: a soya kayan miya har tsamin tumatir ya mutu, a auna ruwa daidai, a rage wuta bayan an zuba, a bar ta ta shanye romon.

Akwai masu cewa duk wannan ba daidai ba ne, wai asalin girkin taliya shi ne na Italiya, inda ba a karya ta, ba a ɗauraye ta, ba a kuma barinta ta yi laushi. Gaskiya ne Italiyawa sun kai sana'ar matuƙa, har suka yi doka a 1967 cewa busasshiyar taliyar da za a sayar a ƙasarsu sai da alkama mai tauri za a yi ta. Amma ƙa'idarsu an gina ta ne a kan irin alkamarsu da irin miyarsu. Ba sa ɗaurayewa saboda suna son sitacin ya riƙe miya, wannan kuwa shi ne ainihin abin da Bakanuwa take yi a dafa-duka, kuma shi ne abin da mutanen Libiya suke yi a girkinsu na tukunya ɗaya da suke kira mubakbaka. Wadda take ɗauraye 'yar murji tana amsa wata matsala ce daban, ta gari mai laushi da cin da ba na miya ba. Su ma Italiyawan al'adarsu ba daga sama ta faɗo ba, tunda tumatir daga nahiyar Amurka ya je musu, kuma haɗa shi da taliya bai zama ruwan dare ba sai a ƙarni na 19. Abin da ya cancanci a karɓa daga gare su guda ɗaya ne, wato kada a bar ta ta caɓe, kuma wannan tsofaffin masu sayarwa na birni sun san shi, domin yaro ba ya komawa wurin wadda taliyarta take dunƙulewa a faranti.

Jayayya mafi nauyi ita ce ta masu cewa yabon 'yar Hausa begen jiya ne kawai. Suna cewa murji yana cin wuni guda da bayan mace, shanya a tsakar gida tana kwasar ƙura da ƙuda, tallan da sana'ar ta dogara da shi yana hana 'yan mata karatu, ita kuwa leda ga tsafta ga sauƙi. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma bai dace a rufe ido a kanta ba. Babu wanda yake da ikon ɗora wa matar da take koyarwa ko take aikin asibiti nauyin murza abincin gidanta da sunan al'ada, kuma sana'ar da sai an cire yarinya daga aji take tsayuwa tana buƙatar gyara. Amma waɗannan matsaloli ne na yadda ake yi, kuma kowacce tana da magani mai araha: ɗakin shanya mai raga, inji mai lantarki da ƙungiyar mata za ta mallaka tare, ƙunshi mai tsafta, da sayarwa ta hannun masu kanti maimakon kan yarinya. Abin da ba shi da magani shi ne ilimin idan ya ɓace. Kuma amfaninsa ya bayyana a 'yan shekarun nan, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 da faɗuwar darajar naira daga 2023 suka ɗaga farashin kayan masarufi, gidaje da dama suka kakkaɓe injinan da suka ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an adana ta.

Wannan tsada ta kuma tona inda raunin yake. A watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a Cediyar 'Yan Gurasa saboda farashin fulawa ya fi ƙarfinsu, kuma abin da ya taɓa mai tanderu ya taɓa mai inji. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan noman 2021 ya nuna alkamar da aka noma a Nijeriya ba ta kai tan 40,000 ba, Kano ce a kan gaba, alhali ana shigo da sama da tan miliyan 4 a kowace shekara. Ke nan ko 'yar Hausar ma hannun ne na gida, garin na ƙetare ne. Wasu sukan ɗauki wannan hujja su ce to a bar alkama gaba ɗaya a koma ga gero da dawa. Rabin maganarsu daidai ne, kuma tarihin birnin yana goyon bayan wannan rabin, domin Kanawan da suka ƙware a alkaki da gurasa da taliya ba su taɓa ɗora cikinsu a kan alkama ba. Sun ba ta ranakunta, suka bar wa hatsin da ƙasarsu take bayarwa sauran ranakun. Kuskuren zamaninmu shi ne mayar da abincin marmari ya zama na safe da rana da dare. Ɗaya rabin kuwa ba zai yiwu ba, don ba a cire wa birni abincin da ya ci sunan unguwanninsa ya kuma shiga garar 'ya'yansa.

Abin da ya rage shi ne a ɗauki taliya da irin muhimmancin da ake ba rini na Ƙofar Mata da dukanci da ƙira, a matsayin ɗaya daga cikin sana'o'in da suka gina Kano. Ya kamata masu nazarin tarihi a Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Makama su zauna da tsofaffin matan Dala da Jakara da Alfindiki su rubuta abin da suka gada tun suna raye. Ya kamata alkamar Kadawa da Kura, wadda ba ta isa ta ciyar da manyan masana'antu ba amma ta isa ta wadata dubban masu ƙaramar sana'a, ta sami hanya kai tsaye zuwa hannun masu murji da masu tanderu, don manomi ya sami kasuwa tabbatacciya, mace kuma ta rage dogaro da farashin dala. A cikin gida kuwa, uwar da ta iya ta koya wa 'ya'yanta, mata da maza, yadda ake kwaɓi da shanya da sauke tukunya a kan lokaci, ko da leda za su riƙa saya a yawancin ranaku. Wanda ya taɓa yin taliya da hannunsa ya san abin da ruwa da zafi suke yi wa gari, kuma da wannan sani ne ake dafa kowace iri ta yi kyau.